Badagry: Ana Tallar Matattu, An Bar Rayayyu da Ƙishirwa

A shekarar 2009 aka kaɗa mana ganga cewa Badagry ta kusa zama abin kallon duniya. Marlon Jackson, yayan mawaƙin nan Michael Jackson, ya haɗa kai da wasu 'yan kasuwar Amurka suka ce za su zuba dala biliyan 3.4 a bakin tekun garin. Aka jero abubuwan da za a gina: wurin tunawa da bayi, da jirgin ruwa irin wanda aka yi jigilarsu a ciki, da otal na ƙasaita, da filin wasan golf, da gidan ajiye kayan tarihin mawaƙan gidan Jackson, da gidan caca. Gidan caca, jama'a! A kan yashin da aka ja 'ya'yan mutane da sarƙa a wuya. Ka bi jerin nan daga sama har ƙasa, ba za ka ga rijiya ba, ba za ka ga ɗakin haihuwa ba, ba za ka ga inda aka tuna da masuntan da ke kwana suna tashi a wurin ba. Kuma ko abin da aka yi alkawarin ma bai zo ba. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Marlon baƙo ne, ya zo ya yi mafarkinsa ya koma gida. Namu nake jin haushi, waɗanda tun daga wancan lokaci suke maimaita tunani iri ɗaya da sababbin kalmomi. Duk gwamnatin da ta zo sai ta sake gano Badagry. Duk wanda aka ba kujerar yawon buɗe ido sai ya je ya tsaya gaban kyamara, teku a bayansa, ya ce arziki ne a kwance a nan. Mun ji. Mun gaji da ji.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Badagry na can ƙarshen yammacin Jihar Legas, dab da iyakar Seme inda ake shiga Jamhuriyar Benin. Tsakanin garin da tekun Atilantika akwai wata doguwar ƙorama, bayanta kuma siririn tsibiri na yashi da itatuwan kwakwa. Nan ne Gberefu, ƙauyen masunta, kuma ta nan aka riƙa fitar da bayi zuwa jiragen Turawa. Kayan tarihi kam Allah ya hore wa wurin. Akwai barikin bayi na Seriki Williams Abass, mutumin da shi kansa aka taɓa sayarwa kafin ya dawo ya zama babban dillalin bayi, ya rasu a 1919. Ɗakuna arba'in ne, kowanne ɗan tsukuku da 'yar taga can kusa da rufi, masu rakiya kuma za su gaya maka mutum arba'in ake cusawa a ɗaki guda. Akwai sarƙoƙi da mari na ainihi a gidan Mobee, ka ɗaga ɗaya da hannunka nauyinsa ya sauka har cikin ranka. Akwai ofishin Di'o na 1863 da aka mayar gidan tarihi, akwai benen 'yan mishan na 1845 wanda suke kira bene na farko a Najeriya, maganar da Bakatsinen da ya tashi yana kallon hasumiyar Gobarau ba zai yarda da ita ba, amma wannan gardamar wata rana ce. Abin kallo dai ba a rasa ba. Mutunta mutanen wurin aka rasa.

Na je, na tsallaka, gani ya kori ji. Kwale-kwalen fiton da ya ɗauke mu yana shan ruwa, wani yaro na zaune a tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwarfewa tun daga tashi har sauka. Rigunan kariyar da aka miƙo mana igiyoyinsu sun tsintsinke, sai dai ka rungume taka da hannu. Da ka sauka sai tafiyar ƙasa cikin yashi mai zafi har bakin teku, ita ce hanyar da bayin suka bi. Babu famfo. Babu wurin zagayawa. Wata dattijuwa baƙar fata da ta taso tun daga Amurka, wadda ke share hawaye tun daga barikin Seriki, a tsakiyar hanyar nan ta tambayi mai rakiya ina ban-ɗaki. Ya sunkuyar da kai, ya nuna mata bayan itatuwan kwakwa. Matar nan ta ƙetare teku ta zo neman ƙasar kakanninta, abin da ƙasar ta tanadar mata ke nan. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, sai daga baya na tuna ita wuni ɗaya za ta yi ta tafi, matan ƙauyen kuwa haka suke yi kullum ta Allah, da ciki, da jego, da ruwan sama.

A kan wannan hanya akwai rijiyar da ake cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Kowane baƙo sai ya tsaya ya leƙa, ya ɗauki hoto, ya girgiza kai. Muna tsaye a wurin wasu 'yan mata ƙanana suka wuce da jarkoki a ka, babu wanda ya juya ya dube su. Na tambaya, aka ce mini rijiyoyin da ke kusa da teku ruwansu zartsi ne, mai hali ya sayi ruwan leda da aka tsallako da shi daga gari da kuɗin fito a kansa, marar hali ya sha abin da ya samu. Wato ƙishirwar wanda ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce tana da mai ba da labarinta, har ana biyan kuɗi a saurara, amma ƙishirwar yarinyar da ke tafe a gabanka ba ta da ko mai tambaya. Wannan wane irin rashin imani ne?

Kada wani ya ce ina raina tarihin. Wallahi ba na raina shi, kuma ina so ɗan Adam duk inda yake ya zo ya ga abin da aka yi a nan. Amma me ake so baƙon ya koya? Cewa mayar da mutum ba a bakin komai ba mugun abu ne. To, ga mutane nan da ransu an mayar da su ba a bakin komai ba, taku kaɗan daga inda ake wa'azin.

Ka ratse daga hanyar baƙi ka shiga cikin ƙauyen. Gidajen ganyen kwakwa ne da kwanon da gishirin teku ya cinye. Na zauna kusa da wata mata mai bandar kifi, wani ɗan'uwanmu mai fataucin kwakwa zuwa Arewa yana yi mana tafinta. Murhunta rabin durom ne da ragar waya a kai, makamashinta ɓawon kwakwa da ɗanyen itace, hayaƙin kuwa ba a magana. Idanunta jawur, hawaye na zuba ba kuka take ba, ga jariri goye a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Ta ce ranar da kwale-kwale ya dawo cike ita ce ranar da hankalinta ya fi tashi, domin babu ƙanƙara, babu ɗakin sanyi, kifin da ba a banda ba kafin dare ya lalace, dillali kuwa ya san da haka, sai ya tsaya ya naɗe hannu har farashi ya faɗo masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ke ƙara tafasa mini zuciya shi ne maganin wannan wahala ba a sama yake ba. Tun wajen 1969 aka ƙera wani murhun banda a unguwar masunta ta Chorkor da ke Akra, da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Laka ce da katako da ragar waya, a jera faifan kifi bisa juna, itace kaɗan, kifi mai yawa. Bayansa ma an ƙera waɗanda suka fi shi rage hayaƙi. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma Ghana ba bangon duniya ba ce, mota ke zuwa daga nan cikin wuni guda. Amma matar nan tana makancewa a kan rabin durom.

Mijinta fa? Injin kwale-kwale fetur yake sha. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta riƙa hawa har ta haura dubu a 2024. Masunci yana fita da bashin mai a wuyansa, teku kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Dokar ƙasar nan ta hana manyan jiragen jan taru shiga mil biyar na farko daga gaɓa, an bar wa masu ƙananan kwale-kwale wannan yanki, amma masunta sun daɗe suna kukan cewa jiragen na shigowa da dare su share kifin su yayyaga musu koma. Wa zai bi musu kadi? Ƙasar da ke buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, ba ta samar da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ita ce ta bar masuntanta a haka, ta koma tana kashe dala tana shigo da kifin ƙanƙara daga Turai, shi ne wanda uwargida ke saye a kasuwar Sabon Gari ko 'Yankaba. Ni da kai ma muna biyan kuɗin wannan sakaci, a tukunyarmu.

Yanzu ga inda abin ya wuce takaici ya zama cin fuska. Bututun iskar gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, ta ƙasar Badagry yake faɗawa teku ya nufi Kwatano da Lome da Tema da Takoradi, tashar da ke tura gas ɗin ma a yankin take. Gas ɗin na juya injinan wuta a wasu ƙasashe. A 2006 sai da mutanen garuruwan da bututun ya ratsa suka kai ƙara gaban kwamitin bincike na Bankin Duniya kan diyyar gonakinsu, binciken kuma ya nuna an tauye su. A 2016 aka fara haƙo ɗanyen mai a rijiyar Aje da ke cikin teku daura da Badagry, Legas ta shiga sahun jihohi masu mai. Jihar da kasafin kuɗinta na 2025 ya haura naira tiriliyan 3. Da magariba ta yi a ƙauyen nan, abin da idona ya gani fitilar wayar hannu ce da aci-balbal, da kukan ɗan janareto a gidan mai hali. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Arziki na bi ta ƙarƙashin ƙafar mutum yana wucewa, shi kuma yana laluben ashana.

Hanya kuma fa, wadda baƙon zai bi ya iso? A 2009 ɗin dai gwamnatin Fashola ta fara faɗaɗa titin Legas zuwa Badagry, aka ce layi goma za a yi da jirgin ƙasa a tsakiya. Kashin farko na jirgin, kilomita 13 kacal daga Marina zuwa Mile 2, sai a Satumban 2023 ya fara ɗaukar fasinja. Shekara goma sha huɗu. A tsakanin nan an yi shekarun da tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ke cinye rabin wuni, mai ciki ta haihu a mota, kifi ya ruɓe a but. An gyara sassa da dama, ban musa ba. Amma shingaye fa? Ka doshi Seme ka ga abin mamaki: katako mai ƙusoshi, durom, taya, masu kaki kala-kala, kafin direba ya sa giya ta uku an sake tare shi, kowa da hannu a miƙe. Ka ce mini Ba'amurken da aka tsayar sau bila adadin ana juya fasfonsa ana tambayarsa abin shan ruwa zai koma gida ya ce wa danginsa su zo? A 2019 kuma aka rufe iyakoki, aka biyo da dokar hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutumin Jibiya da Illela da Maigatari ba ya buƙatar in yi masa bayanin wannan azaba, sanda ɗaya ce ta dake mu. Masuntan ƙauyukan da ke wajen Seme su ma ta same su, mutanen da sana'arsu kaf a kan fetur take.

Dubi maƙwabta. Tsibirin Gore na Senegal ya shiga jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO tun 1978. Gidajen bayi na Ghana, su Elmina da Cape Coast, suka shiga a 1979, Obama ya je Cape Coast da iyalinsa a 2009, a 2019 kuma Ghana ta kira jikokin bayi su dawo gida, ta karɓi baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekarar. A Ouidah ta Benin, nan kusa da mu, aka ƙaddamar da shirin UNESCO na bin sawun hanyar bayi a 1994, aka gina ƙofar tunawa a bakin teku a 1995, a 2024 kuma ƙasar ta yi dokar ba jikokin bayi damar zama 'yan ƙasa. Mu da muke kiran kanmu giwar Afirka wurare biyu muke da su a jerin, Sukur a Adamawa tun 1999 da kurmin Osun na Osogbo tun 2005. Badagry ba ta ciki. Ban ce masuntan Elmina sun zama attajirai don baƙi na zuwa ba, da yawansu har yanzu hannu baka hannu ƙwarya suke, kuma wannan ma darasi ne: kuɗin baƙo ba ya gangarowa da kansa zuwa bukkar talaka, sai an haƙa masa hanya da gangan. Su dai sun yi rabin aikin. Mu ko rabin ba mu yi ba.

Abin da muka iya shi ne biki. Tun 2017 ake shirya bikin tarbar 'yan Afirka mazauna ƙetare a Badagry, manya su zo cikin fararen kaya, a yi kaɗe-kaɗe, a yi jawabi, a yi hawaye. Ana saura mako guda sai ka ga an tashi haiƙan ana share ciyawa, ana shafa fenti, ana kwashe robobin da teku ta amayo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Washegarin biki a naɗe rumfuna, a kwashe kujeru, a ɗora janareton haya a mota, ƙauye ya koma duhunsa. Kamar maigidan da ya share zaure ya shimfiɗa darduma saboda baƙi ne, alhali a cikin gida yara sun kwana ba a ɗora tukunya ba. Baƙon kirki ba wawa ba ne, yana jin kukan yaran ta bayan katanga.

Wani zai ce, to mu Hausawa ina ruwanmu da ƙauyen ƙabilun Egun da Ilaje a bakin teku? Da ruwanmu, har da tsakinmu. Ta Badagry Baturen nan Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825 ya kama hanyar Arewa, ya bi ta Oyo da Busa da Kano har ya isa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a ƙasar Sakkwato a 1827. Hanyar da ya hau ita ce fatake ke saukowa, kuma ba goro da kanwa kaɗai aka bi da su ta nan ba. Hausawa da yawa an sauko da su a ɗaure aka loda su a tashoshin wannan gaɓa, daga Legas zuwa Badagry zuwa Ouidah, aka kai su Bahiya ta ƙasar Birazil. A can suka yi yunƙurin tawaye a 1807, suka sake a 1809 da 1814. A watan azumin 1835 bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador, aka sami layu da takardun rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. A cikinmu akwai waɗanda aka sayar, akwai kuma waɗanda suka sayar, gaskiyar da ba ma son faɗa. Yashin Gberefu ya san ƙafar kakanninmu. Makarantun Arewa nawa ne suka taɓa kai ɗalibai su gani? Sannan ko babu wannan duka, wanda ya ga yadda ake cinye badalar Kano ana yanka filaye, wanda ya ga an shafe shekara goma ba a yi bikin kamun kifin Argungu ba kafin a dawo da shi a 2020, ya san cutar ɗaya ce.

Amma akwai abin da ya fi sakacin ba ni tsoro, shi ne ranar da za a daina sakacin. A Legas, in ka ji an ce za a raya bakin ruwa, talakan wurin ya fara ɗaure kayansa. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen unguwar Maroko wa'adin kwana bakwai, ta rushe muhallin mutum kusan 300,000, yau wurin na cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. A Yulin 2012 aka ba mutanen Makoko awa 72 aka shiga sare gidajensu na kan ruwa. A Nuwamban 2016 aka ƙone aka rushe Otodo Gbame, ƙauyen masunta Egun, 'yan'uwan waɗannan na Badagry, kimanin mutum 30,000 suka rasa matsuguni, wasu suka nitse suna gudun ceton rai. Babbar kotun jiha ta yanke hukunci a 2017 cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma ihu bayan hari ne, ƙauyen ya riga ya tafi. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka kori dubban mutane daga Tarkwa Bay, wurin da shi kansa wurin shaƙatawar baƙi ne. A 2024 katafila ta cinye bakin tekun Landmark don titin Legas zuwa Kalaba, wurin da ke da masu kuɗi da lauyoyi da 'yan jarida a bayansa. In mai lauya bai tsira ba, ina ga mai koma? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, amma waɗannan bayin Allah ko ruwan shafawar ba su da shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, masuncin da kakanninsa suka zauna a wuri tun kafin a haifi Najeriya, in ba shi da takarda, da alƙalami ɗaya ake mayar da shi ɗan share-wuri-zauna.

Kuma manyan ayyuka na tafe. A Agustan 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da gina tashar jiragen ruwa mai zurfi a Badagry kan dala biliyan 2.59. A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da titin Sakkwato zuwa Badagry, kilomita 1,068 daga Illela, aikin da ake maganarsa tun zamanin Shagari. Ina murna da titin nan, ina roƙon Allah ya nuna mana ƙarshensa, albasar Sakkwato da shanun Illela su sauka bakin teku ba tare da sun ruɓe ko sun rame a hanya ba. Amma duk wanda ya san Legas ya san abin da titi da tasha ke yi wa farashin fili. Masu jaka sun riga sun fara lissafi. Ranar da yashin Gberefu ya yi daraja, ranar ce za a tuna cewa bukkokin masunta na ɓata kyan wuri.

Saboda haka ni ba na son in sake jin maganar otal. A fara da takarda. A auna ƙauyukan nan, a rubuta su, a ba al'umma shaidar mallakar ƙasarsu da mashigar kwale-kwalensu, ta yadda duk mai son gina wani abu zai zo ya zauna da su a matsayin masu gida. Sai ruwa: burtsatse mai zurfi, tanki, injin tacewa mai aiki da sola, abin da ake yi a garuruwan da ba su kai mu arziki ba. Solar da za ta ja ruwan ita za ta riƙe ɗakin sanyi ta ƙwaci mai bandar kifin nan daga hannun dillali, ita za ta haska ɗakin shan magani inda ungozoma za ta karɓi haihuwa, maimakon a riƙa neman mai fito da tsakar dare don a tsallaka da mai naƙuda zuwa babban asibitin da ke cikin gari. Ban-ɗakin da ɗan ƙauye zai shiga shi ne baƙo zai shiga. Matsayar jirgin da ba za ta karya ƙafar tsohuwa mai tallan kifi ba ita ce ba za ta karya ta baƙuwa ba. Babu wani abu guda da ɗan yawon buɗe ido ke buƙata wanda mazaunin wurin bai riga shi buƙata ba, to don me ake raba su, ana yi wa ɗaya tanadi a takarda ana barin ɗayan ga Allah?

Kuma kuɗin da baƙi ke biya, a faɗa mana nawa ne, ina yake shiga. A yanka wa ƙauyen kasonsa a fili, a manna lissafin a allo a bakin ruwa inda kowa zai karanta. Samarin da ke rakiya a horar da su, a ba su shaida da albashi, su daina kokawa a kan baƙo. Baƙon nan da ya gama kuka a bakin teku yunwa yake ji, zai so ya ci gasasshen kifi a hannun wadda ta gasa, ya sha ruwan kwakwa, ya sayi tabarma, ya ga yadda maza ke jan taru da asuba suna waƙa, ya kwana a ɗaki mai tsabta da wata mata a ƙauyen ta mallaka. Wannan ba ya buƙatar biliyan uku na dala. Gaskiya yake buƙata, da jami'in da zai yarda ya yi aikin da kason kwangilarsa bai taka kara ya karya ba, kuma a nan ne kullum maganar ke mutuwa.

Titin da aka fara daga Illela da kuɗinmu ake yinsa, ni da kai, kuma a kan ƙasar waɗannan mutane zai ƙare. 'Yan majalisar Sakkwato da Kebbi da Neja da ke alfahari da shi suna da bakin tambaya daidai da na Legas. Su tashi a zauren majalisa su tambaya: ƙauyuka nawa ne tashar da titin za su taɓa, ina za a kai mutanensu, nawa za a biya su, wa ya sa hannu a madadinsu? In sun zo neman ƙuri'a, mu ma mu tambaye su ko sun tambaya.